Bankin da Ya Mutu Ya Ci Shanun Zuwaira

SHAFI NA 14

Masu cika min akwatin saƙo da ƙorafi wai na rataye ku tun Talata, ku sassauta. Sabis ne ya ɗauke mana a unguwa, wannan ma sai da na hau katangar maƙwabta na ɗaga waya sama kamar mai neman jinjirin wata sannan ya tafi. Ke kuma da kika ce in ban turo yau ba za ki fice daga gurup, zauna, na san ba inda za ki.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: Zuwaira ta rantse ba za ta sake kwana a Kurya Madaro ba tun shekarar da 'yan bindiga suka ɗauke ta a gona, ta sha wuyar daji kafin a karɓo ta. Ita da mijinta Mamuda da yaransu suna tsugune a Ƙaura cikin wani shagon aro, mai shagon kuma ya ce ƙarshen wata yana son kayansa. Jiya Alhamis ta sa aka kora shanu huɗun da ta gada wurin mahaifinta, marigayi Malam Ubaidullahi, zuwa kasuwar Shinkafi, aka sayar don ta sayi ɗan gidan Alhaji Sodangi mai ɗaki biyu. Ba mai hankalin da zai ɗauko kuɗi a jiki ya biyo hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura, don haka mai sayen ya tura su asusun Mamuda na banki. Alhaji Sodangi ya ce yau Juma'a bayan La'asar, ko kuɗi ko ya ba wani.

To, mu je.

*

"Sake sakawa," in ji Zuwaira.

Ammar mai POS na bakin tasha ya zare katin, ya goge shi a rigarsa, ya sake turawa. Na'urar ta yi ɗan tunani, ta tofo 'yar takarda.

"Inna, abin da tac ce ɗazu shi ta sake cewa. Babu kuɗɗi."

"Babu kuɗɗi cikin akwatin ga naka, ko babu kuɗɗi ina?"

"Cikin asusun Baba."

Ta yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa mai wasan da bai dace ba.

"Kai Ammar, yau ba ranar wasa ba ta. Jiya gabana saƙo yas shigo. Dillali ya karanta, mai sayen ya karanta, wani malamin makaranta da ke wucewa ma sai da nit tsai da shi ya karanta. Malam, ba shi wayar ya gani."

Mamuda ya laluba aljihun babbar rigarsa, ya daɗe yana lalube kamar aljihun ya ƙara zurfi, sannan ya miƙa 'yar wayarsa mai madannai. Ammar ya danna, ya danna, ya kawo wayar kusa da ido, ya kai ta nesa.

"Saƙo biyu na nan. Na farko, kuɗɗin sun shigo jiya da la'asar."

"Ka ji ko?"

"Na biyu, sun hita yau da asuba."

"Sun hita?"

"Sun hita, Inna."

"Sun hita sun tahi ina? Ƙahwa gare su?"

"Wallahi ban sani ba. Wasu haruffa na anka rubuta, ni ban taɓa cin karo da su ba. Abin da yar rage naira ɗari bakwai na da 'yan kai."

Jama'a, naira ɗari bakwai! Shanu huɗu, har da jar saniyar nan mai ciki da Zuwaira ta juya baya don kada ta ga lokacin da ake ɗora ta a mota. Zuwaira ta dafa teburin Ammar. Ta dubi na'ura, ta dubi Ammar, ta dubi mijinta, ta rasa wanda za ta fara kamawa a cikinsu.

"Malam, wa kab ba katin ga?"

"Ba kowa. Ƙarƙashin matashina yak kwana."

"Wa kag gaya wa lambar sirri?"

"Ni kaina sai na tuna shekarar haihuwar ɗiyarmu Surayya nike samo ta."

Ammar ya miƙo musu waya da kati da sauri, kamar suna ƙona masa hannu.

"Ku ruga banki tun ba a tashi masallaci ba. Ni nan dillali nike, ba ni da ikon komi."

*

A banki sai da ƙofar nan mai magana ta koro Zuwaira har ta gaji, wai akwai ƙarfe a jikinta. Ta cire makullin shago, ta koro ta. Ta cire awarwaro, ta koro ta. Daga ƙarshe ta ce wa mai gadi in bai buɗe ba za ta cire ƙofar da kanta, ya dubi idonta, ya buɗe.

Aka nuna musu teburin wata ma'aikaciya, Rashida, 'yar siririya mai gilashi, da ganinta ba 'yar Ƙaura ba ce, aiki ya kawo ta. Ta gaishe su da ladabi, ta karɓi katin, ta shiga danne-danne. Can sai hannunta ya tsaya.

"Baba, kai ne Mamuda Umar?"

"Ni na."

"Ba sace kuɗin aka yi ba."

Zuwaira ta sauke numfashi. "Alhamdulillahi! To ɗiyata, maido su."

"Mama, ki tsaya ki ji. Cirewa aka yi. Bashi ake bin Baba."

"Bashi? Wa ke bin shi?"

"Banki."

"Ku?"

"A'a, ba mu ba. Wani ƙaramin banki ne da yake Shinkafi a da."

Zuwaira ta juya. Mamuda ya cire hularsa yana fifita da ita, alhali sanyin na'urar ɗakin har cikin ƙashi ake jin sa.

"Malam, ka ci bashin banki?"

"Taki na," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin tuna shekarar da Ciyaman Ɗantani yaz zo da mutane, anka tara mu gindin tsamiya, anka ɗauki yatsunmu? Buhu biyu na taki da ƙaramin injin feshi. Tallafi anka ce."

"To ka ji! Tallafi na, ɗiyata. Duk garin anka ba. Takin ma ya yi ƙulu-ƙulu, sai da nid daka shi cikin turmi."

"A wurinmu bashi aka rubuta, Mama. Mai ruwa."

"Subhanallahi! Ruwa?"

"Ruwa. Kuma shekaru sun tafi ba a biya ko sisi ba. Ruwan ya hau kan uwar kuɗin, sabon ruwa ya hau kan tsohon."

Zuwaira ta ja kujera ta zauna, ba wanda ya ce ta zauna. 'Yar Malam Ubaidullahi ce fa, mutumin da ko bashin gero ya ba ka, da mudun da ya auna maka zai sa ka auna masa, ya share bakin mudun da hannu don kada tsaba ɗaya ta ƙaru. Yau ita ake karanta wa ruwa a kan ruwa.

"Tsaya, in gane. Bankin ga na Shinkafi, ina yake? Mu tahi can yanzu."

"An rufe shi. An karɓe lasisinsa tuntuni."

"Ya mutu ke nan?"

"Kusan haka."

"Bankin da yam mutu shi yac ci shanuna?"

Wani mutum a layi ya ƙyalƙyale da dariya, ta waiga, ya haɗiye abarsa.

"Banki yana mutuwa, Mama, bashinsa ba ya mutuwa," in ji Rashida. "Akwai waɗanda aka ɗora wa tattara shi, don a biya mutanen da suka yi ajiya a can."

"Suna ina?"

"Ofishinsu ba a nan jihar yake ba."

"To yaya sunka san Malam ya samu kuɗɗi jiya? Wa yak kai musu gulma? Mu da ko maƙwabta ba mu gaya wa ba!"

Rashida ta cire gilashinta ta murza ido. Wallahi na tausaya wa yarinyar nan.

"Lambar nan ta BVN, wadda ake ba mutum bayan an ɗauki hoton yatsunsa, guda ɗaya ce a duk ƙasar nan. Ko banki goma ka buɗe, yatsan ɗaya ne. Ranar da Baba ya dangwala, ya yarda in bai biya ba a ɗiba a duk inda aka ga kuɗi da sunansa. Shekara da shekaru ba a ga komai ba. Jiya aka gani."

"Amma wanga banki daban na," Mamuda ya ce, kamar da kansa yake magana. "Da gangan niz zo nan nib buɗe sabo. Ashe kun san juna?"

Zuwaira ba ta ma ji shi ba, hankalinta yana kan Rashida.

"Ɗiyata, ki dube ni. Shanun ga ba na yatsanai ba na. Nawa na. Gadon ubana na. Yatsana bai taɓa komi ba, ga shi nan, duba."

Ta miƙa mata babban yatsanta har kusa da hanci.

"Na yarda, Mama. Amma na'ura ba ta san shanu ba, suna ta sani. Duk abin da ya shiga asusun Baba, a wurinta na Baba ne."

"To buhu biyu na taki shi za ya cinye shanu huɗu? Takin zinariya na?"

"Ruwan ba a tsaye yake ba. Duk lokacin da aka ɗaga farashin bashi a ƙasa, nasa ma sai ya tashi. Kuma an yi ta ɗagawa a shekarun nan."

"Wa ke ɗagawa?"

"Manyan harkar kuɗi, can Abuja. Zama suke yi su yanke."

"Sun san ni?"

"A'a."

"Sun san Malam?"

"A'a, Mama. Ba don ku ake yi ba. Ana yi ne don kuɗi su rage yawo a hannun mutane, kayan masarufi su sauko."

"Kuɗɗi na yawo hannun mutane? Waɗanne mutane? Wace unguwa?"

Zuwaira ta ƙara matsowa kusa da teburin.

"To kayan sun sauko?"

Rashida ta mayar da gilashinta, ta dubi allon gabanta. Ta daɗe tana duba. Sannan ta rage murya.

"Baba, gaskiya ko da ruwan, lissafin bai yi kama da na buhu biyu ba. Uwar kuɗin kanta babba ce. Daga nan ba na ganin bayani, adadi kawai nake gani. Kuma abin da aka cira bai ma rufe ba, da saura."

"Da saura?" Zuwaira ta dafe ƙirji. "Su ci shanu huɗu su ce ba su ƙoshi ba?"

Mamuda ya miƙe tsaye, ya kifa hularsa a karkace.

"Mun gode, ɗiyata. Zuwaira, tashi mu tahi."

"Mu tahi ina? Ina manaja? A kira min manaja!"

"Ko manaja ba zai iya dawo da su ba, Mama, sun bar hannunmu tun asuba. Za ku iya shigar da ƙorafi, amma ba abin yau ba ne, ba na wannan watan ba ma. In da wanda ya san yadda aka yi adadin ya kai haka, wanda ya haɗa ku da bankin ne."

*

Suna fitowa rana ta mare su. Zuwaira ta tsaya a tsakiyar hanya, masu babur suna kauce mata suna zagi, ko a jikinta.

"Ɗantani! Wallahi Ɗantani na! Shi yac ci kuɗɗin da sunanka yab ba ka taki mai ƙulu-ƙulu. Dubi shagon da yab buɗe kasuwa. Mu tahi."

"Ke koma wurin yara. Ni za ni same shi bayan masallaci."

"Kai? Kai da in anka taka ka kai ke cewa a yi haƙuri? Za ya ba ka ruwan leda ka sha ka yi mai godiya ka dawo."

"Maganar maza ta, Zuwaira."

"Shanun na maza na?"

Ta sha gabansa.

"Malam, shekara nawa muna kwana cikin shago, yara na wanka bayan buhu? Surayya ta zama budurwa, ba ta da inda za ta canza zane sai ta ce kowa shi juya baya. Na sai da abin da ubana yab bar min don mu samu ƙofar da za mu rufe. Kai kuma kat tahi kad dangwala yatsa saboda taki! Taki, Malam!"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na da ɗaki biyu?"

Aka fara kiran sallah. Ya ce zai tafi masallaci, ta ce ya tafi, ita za ta jira shi a bakin shagon Ɗantani, in ya so ya shekara yana nafila.

Haka ta zauna a kan benci a ƙofar shagon, ga buhunan taki an jera har rufi, tana kallonsu tana ƙwafa. Ko ruwa ba ta sha ba.

*

Tare suka dawo daga masallaci, Ɗantani a gaba da carbinsa da tumbinsa, Mamuda a baya yana yi masa magana a kunne, shi kuma yana girgiza kai. Ɗantani shi ne shugaban ƙungiyar manoman Kurya a wancan lokacin, shi ya sa har yau ba a kiransa sai Ciyaman, ko da yake ƙungiyar ta watse tuni.

"A'a, ɗiyar Malam! Ke ta da rana tsaka? A kawo miki ruwa?"

"Riƙe ruwanka, Ciyaman, na sha ruwa banki har ya ishe ni. Ina shanuna?"

"Shanu kuma?"

"Kada ka maishe ni mahaukaciya. Ka tara mutane gindin tsamiya, ka ce tallafi na. Ka ba su buhu biyu-biyu, ka kwashe sauran da sunansu. Yau banki ya cinye gadon ubana. Ko ka hiddo min kuɗɗina yanzu, ko in tara maka kasuwar ga."

Ai ba ta ma bukatar tarawa, masu shagunan kusa sun riga sun leƙo. Mai kifi ya bar kifinsa. Ɗantani ya dube su, ya dubi Mamuda, fuskarsa ta canza.

"Malam Mamuda, ka ji abin da iyalinka ke kirana gaban mutane?"

"Ciyaman, don Allah. Don girman Allah ka bari."

"In bari a ce min ɓarawo ranar Juma'a? Kai ka roƙe ni in rufe, na rufe shekara da shekaru. Amma ban yi alkawarin ɗaukar sunan ɓarawo ba."

Zuwaira ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ka rufe mi?"

"Ku shigo ciki."

"Nan za ka faɗa!"

"Ɗiyar Malam, ki shigo ciki. Ba don ni ba."

Yadda ya faɗi maganar ne ya sa ƙafarta ta bi shi ba da shawararta ba. Ya janyo ƙofar shagon rabi. Mamuda ya zauna a kan buhu ya sunkuyar da kai.

"Maganar taki gaskiya ta," in ji Ɗantani. "A takarda bashi na, mu kuma munka ce tallafi, don kowa ya san kuɗɗin da sunka biyo ta hannun gwamnati ba a biya. Wa yat taɓa biya? Ni kaina haka niɗ ɗauka. Amma taki bai kai kuɗɗin akuya biyu ba, ko da ruwan."

"To mi yak kai shanu huɗu?"

"Shekarar da anka ɗauke ki. Kin san wa yab biya anka sako ki?"

"Jama'ar gari. Karo-karo anka yi. Gida-gida nib bi ina godiya, har gidanka na zo."

"Kin zo. Kin ga wanda yad dube ki cikin ido da kina godiyar?"

Ɗantani ya girgiza kai.

"Wane karo-karo, ɗiyar Malam? Lokacin an rufe kasuwanni, an hana sai da dabba, ko tunkiya ba ka hitar da ita gari. Shanun Malam Ubaidullahi na tsaye ba mai saye. Hatsi bai nuna ba. Mutanen daji sun ba da wa'adi, sun aiko da ɗankwalinki. Garin ga duka in ka girgiza shi kuɗɗin buhun gero goma ba su zuba."

Zuwaira ta lalubi bango ta jingina.

"Sai nit tuna akwai zagaye na biyu na bashin ga, na kuɗɗi tsaba, na noman rani. Nit tahi wurin Malam, mahaifinki, Allah shi jiƙan shi. Nic ce ga hanya. Yat tambaye ni, akwai ruwa ciki? Nic ce a takarda akwai, amma ba mai tambaya."

"Mi yac ce?"

Ɗantani ya ja carbinsa.

"Mi Baba yac ce, Ciyaman?"

"Ya yi kuka har gemunai ya jiƙe. Sannan yac ce Allah da yab ba shi ke Shi ke da ikon maido ki. Yac ce ba ya fansar ɗiyatai da riba, ko da gawarki za a kawo mai."

Wayyo. Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na ɗan zagaya tsakar gida.

Zuwaira ba ta yi kuka ba. Bakinta ne kawai ya buɗe, ta manta ba ta rufe shi ba.

"Ina hita daga zauren Malam," Ɗantani ya ci gaba, "mutumin ga da kike zagi bakin titi ya biyo ni a guje, ko takalmi babu. Yac ce shi a rubuta shi. Nic ce rabon mutum guda ba ya isa. Yab bi 'yan ƙungiya ɗaya-ɗaya, mutum tara sunka ara mai sunansu saboda zumunci, shi kuma yad dangwala cewa in ta ɓaci duka kainai. Da kuɗɗin ga anka karɓo ki. Ya sa munka rantse kada Malam shi ji, kada ke ki ji."

"Malam," ta ce wa mijinta. "Gaskiya na?"

Mamuda bai ɗago ba. Ya gyaɗa kai.

"Ka san da bashin ga kab bari anka tura kuɗɗin shanuna asusunka?"

"Bankin ya rufe, Zuwaira. Na tahi Shinkafi da kaina na ga kwaɗo ƙofar, har ciyawa ta tsiro. Na ɗauka ya tahi da abinai. Shi yas sa nib buɗe wani nan Ƙaura, inda ba a san ni ba. Wallahi ban san yatsa na bin mutum ba."

"Ni ma sai da anka kwashe min na gane," in ji Ɗantani. "Tun ranar ban sake kwana da kuɗɗi banki ba. Kin ga buhunan ga? Su na asusuna."

"Kuma ba ka gaya mai ba?"

"Ya tambaye ni? In ya hango ni kasuwa canza hanya yake."

Zuwaira ta zame ta zauna a ƙasa, a kan siminti, cikin ƙurar taki. Ta riƙe kanta da hannu biyu. Tun safe take neman wanda za ta shaƙe, yanzu ga su nan sun yi mata yawa kuma ba ko ɗaya da ke shaƙuwa. Ubanta da take rantsuwa da tsoron Allahnsa, ashe ya zaɓi a kawo gawarta, kuma ba ta iya cewa ya yi laifi. Mijin da ta gama wankewa a bakin titi, ashe shi ya ɗauki abin da ubanta ya ƙi ɗauka, kuma shi ɗin ne dai ya jefa gidanta a rami. Ta ji haushinsa, ta ji kunyarsa, ta ji tausayinsa, duk a lokaci guda.

"Shanun Baba," ta ce a hankali. "Shi da yac ce ba ya taɓa riba. Shanunai sunka biya ta."

Ta ɗago ta dube su.

"To yanzu ni mi nike? Wadda anka cuta, ko wadda tab biya bashin kanta? Ku gaya min, don wallahi ban gane ba. In yi maka godiya, Malam, ko in kai ka ƙara?"

"Duk wanda kinka yi daidai na."

"Kada ka ce min daidai na! Ka yi min gardama ko sau ɗaya in samu inda zan kama!"

Sai waya ta ɗauki ƙara a aljihun Mamuda.

Ya ciro, ya duba. Ɗantani ya leƙa.

"Alhaji Sodangi na."

Wayar ta yi ƙara har ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara. Mamuda ya miƙo mata wayar da hannu biyu, kamar mai miƙa wa alƙali.

"Kuɗɗinki na, gidanki na. Ke za ki amsa. In kin ce in gaya mai gaskiya, in gaya mai."

Ta dubi wayar. Ta karɓa. Ta danna.

Muryar Alhaji Sodangi ta cika shagon.

"Malam Mamuda? Ga ni ƙofar gidan, ga mai unguwa, ga shaidu, ga makulli hannuna. Ana gama La'asar ba ni ƙara minti guda, wani na tsaye nan da kuɗɗinai. Kuna tahe ko in sallame shi da makullin?"

Zuwaira ta share fuskarta da bakin mayafi.

"Alhaji, Zuwaira ta. Kada ka ba kowa. Muna tahe."

Ta kashe wayar. Ɗantani ya saki carbinsa ya faɗi ƙasa. Mamuda ya ɗago kai karo na farko tun da suka shigo.

"Muna tahe da mi, Zuwaira?"

Ta miƙe, ta kakkaɓe takin da ya manne mata a zane, ta ɗaure shi tamau.

"Ban sani ba. Tashi."